Mako na Takwas, Gada

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ta zo kwashe kayan ɗakin Barewa. Ta ce wata bakwai ya isa, barin kaya ba ya dawo da mai su. Ita tana ninkewa, ni ina riƙe mata bakin buhu. Da ta tura ƙofa za ta share bayanta, sai ga takarda an kafe da ƙananan ƙusoshi huɗu, irin na shagon babanta. Rubutun 'yata ne, mai kwanciya gefe ɗaya kamar ciyawa cikin iska. A sama ta sa: RABIN GUDUN FAMFALAKI, KILOMITA 21. Ta ja layi goma sha huɗu, kowane mako da nasa.

Ba lamba ta rubuta a layukan ba, wurare ne. Shagon mai faci. Makaranta mai shuɗiyar ƙofa. Gidan kare. Tankin ruwa. Bishiya biyu. Babanta ya auna mata nisan kowanne da kekensa. Shi kafinta ne, ba ya yarda da abin da bai auna ba. Litinin da Laraba gajeren gudu, ranar Asabar a je wurin da aka rubuta a dawo.

A mako na takwas ta sa: Gada. Daga nan zuwa ƙasa layukan wayam.

Yaya ta kai hannu za ta cire. Na ce ta bari.

"Me za ki yi da ita?"

"Tana rufe wani rami a ƙofar."

Babu rami. Yaya ma ta san babu. Tsofaffin takalman gudunta na tura ƙarƙashin gadona kafin a kai gare su. Sababbin ba su dawo gida ba.

Lahadi, 3 ga wata, da hantsi

Famfon kicin yana ɗiga. Na zubar da ruwan robar da na tara a ƙarƙashinsa, na mayar.

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe bakwai saura na safe

Na fita. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na idar da salla kawai na ga ƙafata cikin takalminta. Ya matse ni a yatsu, ƙafarta ba ta kai tawa ba.

A gefen takardar ta rubuta: gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu. Ba ni da agogon hannu, sai na yi da fitilun titi. In yi gudu fitila biyu, in taka uku. A ta takwas numfashina ya koma kamar zarto a jiƙaƙƙen katako. Na dafa bangon wani gida. Wata kyanwa a kan katanga ta dube ni, ba ta ko motsa ba. Sai fitilun suka mutu gaba ɗaya, gari ya yi launin ruwan wanki. Shekarata arba'in da bakwai. Rabona da gudu tun ranar da ta fara rarrafe ta nufi tukunyar ruwan zafi.

Da na dawo babanta yana shan shayi. Ya dubi takalmin, ya dubi kofinsa. Ya ce, "Na fita." Na ce, "A dawo lafiya." Da yamma zai ce ya dawo, in ce sannu da zuwa. Maganar gidanmu ke nan yanzu, guda huɗu.

Laraba, 6 ga wata, lokacin hutun rana

Cinyoyina kamar an yi musu duka da muciya. A ɗakin wankin otal muna goge zannuwan gado ni da Rediyo. Sunan da muka sa mata ke nan, don ba ta da makunnin kashewa.

"Ke, yau tafiyar agwagwa ake yayi? Me ya same ki?"

"Gudu na fara."

"Wa ya biyo ki?"

"Ba kowa."

"To gudun me? Ni duk ranar da kika gan ni a guje, kada ki tsaya tambaya, ki bi bayana."

Na gaya mata zancen takardar. Ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Tururi ya tashi tsakaninmu, na daina ganin fuskarta sosai. Can ta ce, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ba a faɗi abin da uwar barewa take yi ba."

Na ce, "Haki."

Muka yi dariya har ta kusa ƙona rigar matashin kai. Daga baya ta ciro wayarta ta duba. Gasar bana saura wata huɗu. Ta ce in faɗi shekaruna na gaskiya, ba na zuwa biki ba. Ta sa sunana.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Shagon mai faci, na dawo. Bai buɗe ba tukuna. Na taɓa ƙofar da hannu, don na tuna kin ce in ba a taɓa ba, ba a je ba.

Kin ce. Ashe ke nake rubuta wa. To shi ke nan.

Talata, 12 ga wata, da yamma

Keken babanki yana nan a barandar baya inda aka jingine shi. Tayoyin sun kwanta. Gizo-gizo ya yi gida tsakanin ƙararrawa da kwando. Yanzu da ƙafa yake zuwa shago, minti arba'in. Maƙwabta sun ɗauka keken ya lalace.

Ina tuna fitarku. Ke a gaba, shi a baya da gorar ruwa a kwando. Kowane kilomita ya kaɗa miki ƙararrawa sau ɗaya. Ina kicin ina jin ta farko, ta biyu can nesa kamar cokali ya faɗi a gidan wasu. Ta uku ba na ji. In kun dawo kina tsokanarsa, "Baba, yau ka ci mini mita ɗari." Shi kuma, "Ni? Ki je ki tambayi duk wanda na yi wa ƙofa."

Laraba, 13 ga wata

Fitila uku gudu, biyu tafiya. Famfo yana ɗiga.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Makaranta mai shuɗiyar ƙofa. An sake mata fenti, yanzu kore ce. Na tsaya ina neman shuɗiya kamar wawiya, har maigadi ya ce, "Mama, wa kike nema?" Na ce ba kowa. Na taɓa koren.

A hanyar dawowa wani abu ya faru. Na manta da ƙirga fitilu. Ƙafafun suna tafiya da kansu, ni ina sama kaɗan ina kallonsu. Raɓa ta kwanta a kan motocin da aka ajiye. Wata mata tana shanya a bene, zanen ya buɗe a hankali kamar ba ya son ya tashi kowa. Na ji takun wani a gabana, daidai da nawa, amma ya fi sauƙi. Ban ɗaga kai ba, don kada in ga babu kowa.

Litinin, 25 ga wata, bayan magariba

Farcen babban yatsana ya yi baƙi. Na ɓoye shi cikin safa.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta zo. Ba ta ko zauna ba.

"An ce ana ganinki a titi da asuba kina gudu."

"Ana ganina."

"Da wandon yarinya."

"Da doguwar riga a kai, Yaya. Har gwiwa."

"Mutane suna cewa kin taɓu."

"Su waye mutane?"

"Mutane dai."

"In sun tashi da asuba har sun gan ni, su zo mu tafi tare."

Ta zauna a lokacin. Ta ce ita tsoronta ɗaya, titi titi ne. Ta faɗi haka ta kama bakinta. Na ba ta ruwa. Ta ji ɗigar famfo ta ce, "Gidan kafinta guda, a rasa mai ɗaure famfo? Bari in turo muku mai gyara." Na ce a'a da ƙarfi, har na ba kaina tsoro. Akwatin kayan aikinsa yana nan a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a buɗe, sifana a kan murfi, yadda ya bar shi ranar. Ina share kewayensa.

Asabar, 30 ga wata

Gidan kare. Karen ya tsufa, ko haushi bai yi ba. Ina jin ya san takalmin.

Talata, 3 ga sabon wata, bayan an tashi aiki

Na kasa taka ƙafar dama. Rediyo ta ja ni wurin mai gyaran takalmi na bakin tasha, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya juya takalmin, ya zura yatsu ciki, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan ba naki ba ne."

"Nawa ne yanzu."

"Hajiya, takalmi yana haddace ƙafar mai shi. Taɓa nan. Mai wannan da gaban ƙafa take taka ƙasa, kamar mai sanɗa. Ke kuwa da dunduniya kike dirka, kamar mai bin bashin ƙasa."

Rediyo ta ce, "Ka gan ta nan, ko a wurin guga haka take."

Na sa hannu. Akwai ɗan gurbi a ciki, wurin yatsunki biyar. Ban san suna nan ba, wata guda ina taka su.

Ya ce ko in sayi daidai ni, ko ya tsaga gaban ya sa ƙyalle mai laushi, yatsu su sami wurin numfashi. Na ce kada ya taɓa cikin. Ya ce ba zai taɓa ba. Da ya sa reza na juya baya, kamar ranar da aka huda miki kunne.

Laraba, 4 ga wata, da safe

Yatsuna sun sha iska. Na yi fitila goma ban tsaya ba.

Na tarar da gorar ruwa a bakin ƙofa kafin in fita, cike, an goge jikinta. Taki ce, mai murfi ja. Ba ni na ajiye ba. Mu biyu ne a gidan.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Tankin ruwa, karo na biyu. Na yi mafarkinki jiya. Kina zaune a kan tankin can sama kina kaɗa ƙafa, kina cin wani abu daga takarda. Na ce ki sauko. Kika ce, "Umma, ke ki hawo, ai kin iya yanzu." Na duba yau da na isa. Tsuntsaye ne kawai, jere kamar maɓallan riga.

Gorar tana bakin ƙofa kullum. Ba na cewa na gode, shi ba ya cewa ga shi. In na dawo in wanke, in kife.

Saura mako biyu.

Litinin, 16 ga wata

Na ƙona zanen gado guda, ina tsaye da dutsen guga a hannu ina kallon bango. Rediyo ta ninke wurin ciki ta ce, "Wanda zai kwana a kai barci ya zo yi, ba bincike ba."

Asabar, 21 ga wata, da hantsi

Bishiya biyu. Daga nan ana hango gadar. Hanya ta gangara, ta lanƙwasa hagu, sai ƙarfen gefenta fari da baƙi. Sashe ɗaya ya fi sauran sabunta.

Na taɓa bishiyar, ta farko kawai. Na juyo. Ban san na yi saurin haka ba sai da na ga gidan kare.

Ban taɓa zuwa wurin ba. Ranar ma ban je ba, asibiti aka kai ni kai tsaye. In motar aiki za ta bi ta nan ina sauka in shiga wata. Shi ma na san bai sake bi ba. Katakonsa da ake sayarwa a ƙetaren gadar, yanzu aike yake yi.

Litinin, 23 ga wata

Mako na takwas. Gajere ne yau. Na yi.

Laraba, 25 ga wata, da yamma

Na gaya wa Rediyo zan tsallake layin. In zaga tanki sau biyu, ai nisan ɗaya ne.

"Nisan ɗaya ne," in ji ta. Ta ci gaba da guga. Can ta ce, "Kin san ta gadar gasar take bi, ko? Na gani a taswirar. Kilomita na goma sha biyu."

Ban sani ba.

"In kina so in raka ki ranar Asabar. A mota dai. Ni da gudu sai a lahira, can ma in an matsa."

Na ce ba ita ce za ta raka ni ba. Ban san zan faɗi haka ba.

Da na dawo hannun babanki yana warin man keke. Ya wanke sau biyu kafin ya ci abinci.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na sa takalmi. Ina zaune a bakin gado.

Ƙarfe takwas

Ina zaune.

Ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, tun ban manta ba.

Wajen ƙarfe tara na shiga kicin da takalmin a ƙafata. Robar ta cika ta tumbatsa. Na tsuguna ina goge ƙasa, sai na ga ƙafafunsa a bakin ƙofa. Bai tafi shago ba. Gorar tana hannunsa.

Ya ce, "Ba ki fita ba."

Na ce, "Asabar ce."

"Na sani."

Ɗigo ya faɗo, wani ya faɗo. Sai na ji bakina yana magana. Na ce, "Ni na ce ka bar keken. Na ce yarinyar nan ba jaririya ba ce, shekararta ashirin da biyu, yau ɗaya ta tafi ita kaɗai, ka tsaya ka gyara mini famfo. Na ce na gaji da jin ɗigarsa. Da kana bayanta, da mai motar ya ga keke."

Wata takwas da 'yan makonni ban faɗa ba, ko a nan. Na ɗauka shirunsa amsa ce.

Ya tsuguna shi ma, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ce, "Ita ta hanyar filin ƙwallo ta so bi. Na auna, zuwa da dawowa ba ta cika kilomita goma ba, saura mita ɗari uku. Na ce mata ta gada ce take cika daidai. Mita ɗari uku." Ya nuna da yatsu biyu, kamar kaurin katako. "Na ɗauka kin sani. Na ɗauka shi ya sa ba kya iya kallona."

"Ni na ɗauka kai ne ba ka iya kallona."

Muka zauna a jiƙaƙƙen siminti, tsofaffi biyu. Ban san tsawon lokacin ba. Rana ta shigo ta taga ta hau kan sifana, ta sauka. Ya ce takalmin nan wa ya yi masa wannan aikin, ɗinkin ya karkace. Na ce ya bar mutum da sana'arsa.

Lahadi, 29 ga wata, da azahar

Na fito na tarar da keken a ƙofar gida, tayoyi cike. Ya sa gorar a kwando.

Ina gaba, yana baya. Ina jin sarƙar tana juyawa a hankali. Ni ba ke ba ce, sau biyu ya sa ƙafa a ƙasa don kada ya faɗi saboda rashin saurina. A shagon mai faci ƙararrawa ta kaɗa. Na kusa tuntuɓe. Ta biyu bayan makaranta. Ta uku, wadda ban taɓa ji daga kicin ba, a daidai gidan kare ake kaɗa ta. Ashe nan ne.

A bishiya biyu ƙafafuna suka ce su ba su san zancen ba. Na koma tafiya. Ya matso gefena, ta ɓangaren motoci.

"Ki sha ruwa."

"Ba na jin ƙishi."

"Ita ma haka take cewa. Sha."

Na sha. Muka gangara.

Gadar ƙarama ce, Barewa. Wata takwas ina ganinta cikin kaina kamar ba ta da ƙarshe, ashe taku sittin ce. Ruwa yana wucewa a ƙasa, ba ruwansa. Wani yana wanke babur a bakin rafin yana waƙa. Ciyawa mai fure rawaya ta fito a gindin sabon ƙarfen. Na tsaya a wurin na kama shi da hannu biyu, yana da sanyin safiya. Babanki ya sauka ya kama kusa da ni. Muka yi miki addu'a. Ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa.

Na ce, "An taɓa. Mu koma."

Ya ce, "Ba nan ba ne. Kilomita biyar ɗin a wancan bakin take cika."

"Kai da awonka."

"Taku ashirin ne."

Na yi su da gudu. Ya kaɗa ƙararrawa.

Dawowa rabi tafiya na yi, kada in yi miki ƙarya. Ya ce dunduniyata tana dukan ƙasa kamar ana kafa ƙusa. Na ce wanda yake zaune a kan sirdi ba ya koya wa na ƙasa gudu. Ya yi dariya, ta fito da tsatsa kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe shida saura na safe

Na shiga kicin ɗora ruwa, na tsaya ina tunanin me ya ɓace. Robar a bushe take. Akwatin kayan aiki babu shi.

Na je bayan ƙofarki in duba abin da ya rage, ko da na san babu komai. A layi na tara akwai rubutu da fensirin kafinta, manyan baƙaƙe a tsaye kamar ƙafafun tebur: GADA, A WUCE. GIDAN BURODI. Sauran biyar ɗin bai cika ba. Ya ce sai ya auna.

Yana waje yana kaɗa mini ƙararrawa, zai tashi maƙwabta. Bari in ɗaura takalmi.